Darasi: Yadda Sawun Mota Yake Zama Taswira

'Yan'uwa manoma, dukanmu mun san babbar hanyar da ta taso daga Kano ta ratsa Wudil da Birnin Kudu. Kowace taswira tana nuna ta. Amma hanyoyin da a-kori-kura take bi ta kawo mana taki, ko ta kwashi riɗi da gyaɗa zuwa kasuwar Sara a ƙasar Gwaram, da yawansu ba a zana su ba. Hanyar da ba ta a takarda kuwa, da wuya a sa ta cikin lissafin gyara.

Ga yadda abin yake. Akwai taurarin ɗan'adam na Amurka, watau GPS, da suke kewaya duniya a nisan wajen kilomita 20,000. Idan wayar hannu ta ji huɗu daga cikinsu, sai ta san inda take. A da ana rage wa farar hula daidaiton wannan awo da gangan, amma aka daina a watan Mayu 2000. To, in direba ya kunna waya a mota, tana ajiye ɗigo bayan ɗigo, kowanne da wurinsa da lokacinsa.

Tafiya ɗaya ba ta isa ba, gama kowane ɗigo yana iya kaucewa da 'yan mitoci. Sai an ɗora tafiya ashirin ko talatin a kan juna, sa'an nan a ja layi ta tsakiyar inda ɗigo ya yi kauri. Wannan layi shi ne hanya. Inda layi biyu suka haɗu, mararraba ke nan. Lokacin ma yana da amfani ƙwarai: inda kowace mota ta koma tafiyar kunkuru, lalle akwai yashi, ko zaizaya, ko kwalbati da ya karye. A ganinmu wannan ya fi zanen kansa daraja, domin shaida ce da za a iya kai wa ƙaramar hukuma.

Abin ba baƙo ba ne a nan. A shekarun 2013 zuwa 2015 an riƙa ba masu rigakafin shan inna wayoyi a jihohin arewa, har da Jigawa, don a ga unguwannin da suka taka da waɗanda aka tsallake.

Sai dai a lura. Waya ba ta san damina ba. Hanyar fadama da ake bi da rani takan nutse a Agusta, saboda haka tilas a raba sawun rani da na damina. Turbar amalanke kuma ba za ta fito ba sai wani ya bi ta da waya a aljihu. Har yanzu, sawu yana nuna inda direba yake kwana, don haka a nemi yardarsa, a kuma yanke farko da ƙarshen tafiyar.

Kafin taro mai zuwa, kowace ƙungiya ta zaɓi hanya ɗaya daga rumbunta zuwa kasuwa, ta samo mutum biyu masu waya da za su riƙa binta.