Injin Tauraro: Me Ya Sa Silindarsa Tara, Ba Takwas Ba?

Duk bakaniken babur a Mandawari ya san injin da iska ke sanyayawa, mai tsaga-tsaga a jikin silinda. Da wannan dabara aka ƙera injin tauraro na jirgin sama: silindoji kewaye da ƙaranshaf guda, kowacce na shan iskar farfela. Babu lagireto, don haka nauyi ya ragu, kuma babu ruwan da zai tsiyaye.

Kano ta san ƙararsa. Daga 1940, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, jiragen Blenheim masu injin Bristol Mercury mai silinda 9 suna yada zango a Kano, kan hanyarsu daga Takoradi zuwa Alƙahira.

Me ya sa tara? Kowace silinda tana kama wuta sau ɗaya a juyi biyu, shi ya sa ake tsallake ɗaya: 1-3-5-7-9-2-4-6-8. Da takwas ne, tsallaken zai koma kan 1, rabi ba su taɓa kamawa ba.

Illarsa: baƙin mai kan taru a silindojin ƙasa, ya iya lanƙwasa sandar fistin. Saboda haka makanikai kan juya farfela da hannu kafin a tayar.