Shoka a hannun ɗan sanda: kowace dannawa da hisabinta

"Ai ba harbinsa aka yi ba, shoka kawai aka sa masa." Cikin duk maganganun da iyaye ke zuwa da su ofishina a nan Kwadaso, Kumasi, babu wadda ke kashe ƙara tun ba a shigar da ita ba kamar wannan. Uba ne zai faɗe ta yana hamdala, don ya san wasu 'ya'yan Zango ba su dawo gida da rai ba. Ina fahimtar hamdalar. Amma aikina lauya ne, kuma doka ba ta auna ƙarfin da ɗan sanda ya yi amfani da shi da cewa mutum ya mutu ko bai mutu ba. Abin da take tambaya shi ne, a daidai lokacin da aka danna na'urar nan, me mutumin yake yi?

Na'urar iri biyu ce, kuma bambancinsu shi ne rabin shari'ar. Akwai wadda ake harbawa daga nesa, wadda aka fi sani da Taser, ta kamfanin Axon na Amurka. Tana cilla ƙananan ƙibau biyu masu siririyar waya, su kama tufa ko fata, wuta ta bi ta cikinsu ta ƙame tsokar jiki, mutum ya faɗi ba tare da ya iya kare kansa ba. Harbi ɗaya daƙiƙa 5 yake ɗauka, sai in mai riƙe da ita ya ci gaba da danne kunamar. Amfaninta a fili yake: mutum ya zaro adda yana nufo jama'a, maimakon harsashi sai a kayar da shi a ƙwace addar. Ba ni da ja a kan wannan, gara hakan sau dubu.

Ɗaya kuwa ita ce wadda ake manna wa mutum a jiki, irin wadda wani lokaci za ka gani an yi ta da siffar tocila, har masu gadin shaguna na riƙe ta. Wannan ba ta kayar da kowa, zafi kawai take bayarwa. Kuma kafin ka manna wa mutum ita, ai ka riga ka matso kusa da shi, galibi ma ka riga ka riƙe shi. To me ya rage da za ta yi? Shi ya sa a 2023 jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya mai bincike kan azabtarwa, Alice Edwards, ta sa irin wannan shokar cikin kayan da ta ce ya kamata a haramta ƙera su da sayar da su baki ɗaya. Ita ma Taser ɗin ana iya manna ta a jiki ba tare da an harba ƙibau ba, kuma in an yi haka hukuncinsu ɗaya ne a wurina.

Dokar Ghana ba ta yi shiru ba. Sashe na 15 na Kundin Tsarin Mulkin 1992 ya ce ba a taɓa mutuncin ɗan Adam, kuma ba a azabtar da kowa ko a wulaƙanta shi, ko an kama shi ko ba a kama shi ba. Wannan sashen ba shi da "sai dai in ɓarawo ne". Dokar bin hanyoyin shari'ar laifuka ta 1960, wato Act 30, a sashe na 6 ta ce wanda aka kama ba a takura shi fiye da abin da zai hana shi gudu. Ita kuma dokar laifuka, Act 29, ta yarda ɗan sanda ya sa ƙarfi wajen kamu ko kare rai, amma ta ɗaure shi da sharaɗi: kada ƙarfin ya wuce abin da buƙata ta kawo. Ghana ta kuma amince da yarjejeniyar duniya ta hana azabtarwa tun shekarar 2000.

Idan ka haɗa waɗannan, ma'aunin ba shi da wuya. Dole ne a ce akwai dalilin da doka ta sani, kamar kamu ko kare wani. Dole ne a ce babu wata hanya mai sauƙi da za ta yi aiki, magana ko gargaɗi ko riƙewa da hannu. Kuma ƙarfin ya yi daidai da haɗarin. Sai abin da mutane suka fi mantawa, wanda shi ne dalilin wannan rubutu: buƙata tana ƙarewa. Mutumin da ya cancanci a kayar da shi da ƙarfe 4 daidai, yana iya zama wanda taɓa shi laifi ne bayan daƙiƙa 10, saboda ya riga ya kwanta, hannunsa na cikin ankwa. Dannawa ta farko tana iya zama halal, ta biyu ta zama cin zarafi. Kowacce sai ta kawo nata dalilin.

Shari'ar da ta fi nuna wannan a Ingila aka yi ta. Masu kallon ƙwallo na da za su tuna Dalian Atkinson na Aston Villa. A watan Agustan 2016, a garin Telford, an kira 'yan sanda saboda yana cikin ruɗewar hankali a ƙofar gidan mahaifinsa. An harbe shi da Taser. A harbi na uku ɗan sandan ya danne kunama har daƙiƙa 33, fiye da ninki shida na ƙa'ida, sannan ya shure shi a ka yana kwance. Ya rasu. A 2021 kotu ta sami ɗan sandan, Benjamin Monk, da laifin kisa ba da niyya ba, aka ɗaure shi shekara 8. Ba a kama shi da laifin fito da na'urar ba. Abin da ya yi bayan mutum ya faɗi ne ya kai shi kurkuku. Kuma yadda aka san daƙiƙa 33 ne, na'urar ce ta faɗa, domin Taser ta gaske tana ajiye rana da lokaci da tsawon kowane harbi a cikinta. Shokar kasuwa ba ta ajiye komai, wanda shi ma wani dalili ne na ƙin ta.

Masu cewa ba ta kisa su ma su saurara. A 2017 kamfanin labarai na Reuters ya tattara mutum fiye da 1,000 da suka mutu a Amurka bayan 'yan sanda sun yi musu amfani da Taser, kuma a fiye da 150 daga ciki binciken gawa ya ambaci na'urar cikin abin da ya jawo mutuwar. Kamfanin da ke ƙera na'urar da kansa tun 2009 ya shawarci a guji auna ƙirji. Wani lokaci ma ba wutar ke kisa ba, faɗuwar ce: a 2023 a Ostareliya an harbi wata tsohuwa mai shekara 95, Clare Nowland, a gidan kula da tsofaffi, ta faɗi kanta ya bugu, ta rasu bayan kwanaki, kuma kotu ta kama ɗan sandan da laifi. Ku auna wannan da rayuwarmu a nan. Yaron da ke kan babur ko cikin pragiya a Sofoline, ɗan dakon da ke saman tirelar albasa yana sauke buhu, mai sayar da fetur a kwalba wanda tartsatsi kaɗai ya ishe shi kama wuta, mace mai ciki, dattijo mai ciwon zuciya. A kan irin waɗannan, shoka ba ƙaramin makami ba ce.

Akwai ƙorafin da ke yawan zuwa mini daga wajen 'yan albasa, kuma yana ci mini rai. Da yawa daga cikin yaran da ke biyo motoci daga Nijar ba sa jin Turanci, ba sa jin Asantanci. A daka wa yaro tsawa ya kwanta, ya tsaya yana kallo don bai gane ba, sai a rubuta cewa ya yi gardama. Wani dattijo ya taɓa kawo mini ɗan ƙanensa da tabo biyu ƙanana a gadon baya. Ya ce, "Ɗana, ni dai a bar maganar, tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka." Na ce, "Baba, wane ruwa ya ja? Tabon nan a baya yake. Wanda ya juya baya ba faɗa yake yi ba." Sashe na 14 na Kundin Tsarin Mulki ya ce wanda aka kama a gaya masa dalili nan take, cikin harshen da yake ji, a kuma sanar da shi yana da 'yancin ɗaukar lauya. Rashin jin umarni ba ƙin umarni ba ne. Kai, ko da ya ji ya ƙi, mutumin da ya zauna a ƙasa ya ce ba zai tashi ba, ba ya barazana ga kowa. Ana ɗaga shi ne, ba a ƙona shi. Haka mai zagi: baƙar magana ga ɗan sanda rashin tarbiyya ce, amma hukuncinta ba wutar lantarki ba ne, kuma ba ɗan sanda ke yanke hukunci ba.

A cikin ofishin 'yan sanda kuwa babu ma abin tattaunawa. Shoka a kan wanda ke tsare don ya amsa laifi azabtarwa ce. Sashe na 120 na dokar shaida ta 1975 ya ce kotu ba ta karɓar amsa laifin da ba da son rai aka yi ba, kuma wanda ke tsare sai an ɗauki bayaninsa a gaban shaida mai zaman kansa. In an matsa maka ka sa hannu, ka gaya wa lauyanka da alƙali a zaman farko, kada ka bari sai shari'a ta yi nisa. Kuma dole a kai ka kotu cikin awa 48, har da Asabar da Lahadi da ranakun hutu, kamar yadda Kotun Ƙoli ta yanke a 2019 a ƙarar da lauya Martin Kpebu ya shigar.

Na san dalilin da ya sa mutanenmu ba sa yarda takarda za ta yi musu wani abu. Ranar 17 ga Yulin 2018 'yan sanda suka harbe samari bakwai 'yan Zango a yankin Manso Nkwanta, suka ce 'yan fashi ne. Unguwar Asawase a Kumasi ta kama da wuta. Kwamitin da gwamnati ta kafa ya ce bai sami shaidar cewa 'yan fashi ba ne, aka dakatar da 'yan sanda 21, aka biya kowane gida sidi 250,000. A Yunin 2021 sai Ejura, inda aka harbe mutum biyu a zanga-zangar da ta biyo bayan kisan Ibrahim Kaaka. Ranar 13 ga Yunin 2022 kuma, nan kusa da mu a Abrepo, ɗaliban makarantar sakandaren Islamiyya suka tare hanya don motoci na yawan buge su, aka watsa su da ƙarfi, aka kwashi yara da dama zuwa asibiti. Hukumar 'yan sanda ta amince aikin bai yi kyau ba, ta cire mataimakin kwamandan yankin Ashanti. Babu kuɗin da ya kai rai, kuma ni ma ban gamsu da inda wasu daga cikin waɗannan suka tsaya ba. Sai dai a duk inda aka sami ko da rabin adalci, shaida ce ta kawo shi: hoto, bidiyo, takardar likita, mutanen da suka yarda su tsaya su faɗi abin da suka gani.

Ita kuwa shoka, matsalarta ke nan, shaidarta ba ta daɗewa. Ɗigo biyu ne ja kusa da juna, su kan dushe cikin kwanaki. Don haka ranar da abin ya faru a ɗauki hoton tabon da hasken rana, a ajiye kwabo a gefensa don a ga girmansa, a kuma ɗauki wani hoton da fuskar mutumin ta fito. Rigar da ya sa kada a wanke ta. In ƙibiya ta maƙale a ido, wuya, ƙirjin mace ko al'aura, kada kowa ya zare ta sai likita. Wanda ya suma, ko kansa ya bugu, ko yake jin ciwon ƙirji ko ƙarancin numfashi, a wuce da shi asibiti kai tsaye, asibitin Komfo Anokye ba nisa. A gaya wa likita ƙarara shoka ce, sau nawa, a ina, don abin da bai rubuta ba, a kotu kamar bai faru ba ne. A nemi fom ɗin likita na 'yan sanda, in ofishin da abin ya shafa ya yi nauyin hannu a je hedkwatar shiyya ko ta yanki. A rubuta lambar mota, sunan da ke ƙirjin riga, lokaci, da lambar wayar waɗanda suka gani. Mai bidiyo ya ajiye na asali, domin wanda ya zaga WhatsApp ya riga ya rasa bayanan rana da lokacinsa.

Ga samari kuma, magana ɗaya: a lokacin kamu kada ka fizge, kada ka gudu, kada ka kai hannu aljihu, ko da kana da gaskiya. Ka buɗe tafin hannunka a gani, ka ce da ƙarfi ba ka gardama, don na kusa su ji. 'Yan'uwa kuma kada a yi jifa. Dutse ɗaya ya isa a rubuta cewa taro ya kai wa 'yan sanda hari, kuma daga nan duk abin da aka yi wa yaron ya sami mafaka.

Wuraren kai ƙara uku ne. Akwai sashen ladabtarwa na 'yan sanda, PPSB, wanda a da ake kira PIPS. Akwai hukumar kare haƙƙin ɗan Adam, CHRAJ, wadda ke da ofishi a Kumasi, ba a biyan ko kwabo, amma kada a bari wata 12 ya wuce don tana iya ƙin sauraro. Sai Babbar Kotu, ƙarƙashin sashe na 33 na Kundin Tsarin Mulki, inda ake neman diyya. Wanda ba shi da kuɗin lauya ya nemi Hukumar Taimakon Shari'a, wadda dokar 2018 ta kafa. Duk inda za a je, a tafi da kwafin takardu a bar na asali a gida, kuma a tabbata an buga hatimin karɓa da kwanan wata a kan kwafin da za a dawo da shi.