Yadda Ake Auna Sinadaran Amino a Ganyen Zogale

Gabatarwa

Zogale abinci ne kuma magani. Kimanin kashi 1 cikin 4 na nauyin busasshen ganyensa furotin ne, wato sinadarin gina jiki. Furotin kuwa an gina shi ne da sinadaran amino iri 20, kuma 9 daga cikinsu jikin ɗan Adam ba ya iya haɗa su, sai daga abinci. Don haka mai sayen garin zogale da yawa yakan nemi sakamakon gwaji kafin ya yi ciniki. Ya kamata kai malamin gona ka san yadda ake wannan awo, domin ka faɗakar da manoma.

Aikin Manomi

1. Ka tsinko ganye daga itatuwa daban-daban a gonar, ka gauraya.
2. Ka wanke da ruwa mai tsabta, ka shanya a inuwa. Zafi mai yawa yana lalata laisin, ɗaya daga cikin 9 ɗin nan.
3. Ka daka, ka tankaɗe, ka zuba a busasshiyar kwalba mai murfi.
4. Ka rubuta sunan gari da ranar tsinka a jikinta.

Aikin Ɗakin Gwaji

Da farko ana auna naitirojin ta hanyar Kjeldahl, wadda aka ƙirƙiro a 1883. Idan aka ninka adadinsa sau 6.25, sai a sami kiyasin furotin. Amma wannan bai nuna irin sinadaran amino da ke ciki ba.

Saboda haka sai a dafa garin cikin ruwan asid na haidirokulorik, a rufaffiyar kwalba, a zafin digiri 110 na Salshiyas har awa 24. Wannan yana wargaza furotin zuwa sinadaran amino. Daga nan na'ura ta rarrabe su ɗaya bayan ɗaya, a haɗa su da ninhaidirin, su rine zuwa shuɗi mai ratsin ja. Gwargwadon turin launin, gwargwadon yawan sinadarin. Spackman da Stein da Moore ne suka bayyana wannan na'ura a Amurka a 1958.

Abin Lura

Asid yana ƙone tiriftofan, sai an yi masa gwaji na daban da ruwan alkali. In ba ka gan shi a takardar sakamako ba, kada ka ce babu shi a ganyen. Ka tambaya ko an auna shi. Ka tuna, na'ura abin da aka ba ta take aunawa. Samfurin da ya yi fumfuna ko ya sha rana zai karya darajar amfanin gonar gaba ɗaya.