Lagireton Tsohuwar Fijo: A Nemo Nata Na Asali

Masu tsohuwar Fijo 504, musamman a-kori-kurar da ke jidar rake a Makarfi da tumatir a Ikara da Kudan, idan za ku farfaɗo da ita, kada ku yi wa lagireto riƙon sakainar kashi. Kamfanin PAN da ke Kaduna ya fara harhaɗa motocin nan a 1975, kuma kowane inji da lagireton da aka auna masa. Na mai shan fetur daban, na dizal daban.

In za ku kasuwar Panteka a Kaduna ko ta Ƙofar Ruwa a Kano, ku ɗauki tsohon lagireton, ku tafi da shi. A jera shi da wanda za ku saya, a duba bakin tiyo na sama da na ƙasa, da ramukan ɗauri, da kauri, da tazarar da zai bar wa fanka. Wanda sai an lanƙwasa tiyo kafin ya zauna, ba nata ba ne, komai arharsa.

Ni dai na fi son na tagulla, domin in ya tsage mai walda zai liƙe shi da dalma. Mai kan roba kuwa, in ya fashe, galibi sai sabo. Ku haɗa da murfinsa na asali, kuma ku daina ɗura masa ruwan rijiya.