Abin Da Kufan Gobara Ke Faɗa Wa Injiniya

Idan wuta ta ci gini, ko wani abu ya fashe a masana'anta, jama'a kan ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, sa'an nan a hau kwashe ɓaraguzai. Amma ga injiniya mai bincike, waɗannan ɓaraguzai su ne shaidu, kuma kowane guntun ƙarfe yana da abin da zai faɗa in an bar shi inda ya faɗi. Ga misali daga ƙasar Amurka.

Da safiyar 20 ga Maris, 1905, tukunyar tururi ta masana'antar takalma ta Grover, a garin Brockton na jihar Masacusets, ta fashe ana tsakiyar aiki. Tukunyar ta keta benaye, ta huda rufi, ta je ta faɗa wa gidajen maƙwabta. Ginin na katako ne, ya rufta kan ma'aikata, bututun iskar gas suka karye, wuta ta kama. Mutum 58 suka rasu, kimanin 150 suka jikkata.

Da farko zargi ya koma kan mai kula da tukunyar, wanda shi ma yana cikin mamatan, gama abu ne mai sauƙi a ɗora wa wanda ba ya nan laifi. Da masana suka duba ƙarfen, sai suka iske aibin yana wurin haɗi. A wancan zamani akan lanƙwasa farantin ƙarfe, a ɗora bakinsa ɗaya bisa ɗaya, a ɗinke da ƙusoshi. Irin wannan haɗi ba ya barin tukunya ta zama da'ira sosai. Saboda haka duk lokacin da ƙarfin tururi ya hau ko ya sauka, sai ƙarfen ya ɗan motsa a wurin, kamar yadda mutum kan yi ta lanƙwasa waya har ta karye. Sannu a hankali tsaga ta kama, tana ci a ɓoye ƙarƙashin ɗorin, inda idon mai dubawa ba ya kaiwa.

Yaya akan gane tsaga tsohuwa ce? Fuskar karayar ita ke nunawa. Inda ƙarfe ya daɗe da tsagewa yakan yi duhu da tsatsa, inda kuwa ya yage nan take yakan fito fari yana ƙyalli. Guduma ɗaya, ko kwana biyu cikin ruwan sama, na iya ɓata wannan shaida.

Ƙarfin fashewar kuma ba abin mamaki ba ne. Ruwan da ke tsare cikin tukunya zafinsa ya zarce digiri 100. Da zarar jikinta ya yage, wani kashi na ruwan sai ya koma tururi cikin ƙiftawar ido, tururi kuwa yana neman wuri fiye da ninki 1,600 na ruwan da ya fito daga gare shi.

Binciken bai tafi a banza ba. A 1907 jihar Masacusets ta kafa hukumar tsara ƙa'idojin tukwanen tururi, kuma a 1915 ƙungiyar injiniyoyin inji ta Amurka ta buga kundin ƙa'idojinta, wanda ake ta sabunta shi, ana kuma aiki da shi a ƙasashe da dama.

A nan Nijeriya, Dokar Masana'antu ta 1987 ta wajabta a riƙa kawo ƙwararre ya duba tukunyar tururi lokaci-lokaci. To, amma bayan haɗari akwai abin da ya rataya a wuyan jama'a. In an ceci masu rai, wuta kuma ta mutu, a killace wurin. Kada a bar 'yan gwangwan su tsince ƙarafa, kada a taɓa wayoyin lantarki, ko tukunyar gas, ko makunnin wuta. Wanda ya fara ganin hayaƙi ya gaya wa masu bincike daga wane ɗaki ya fito, da launinsa, da ko ya ji ƙara kafin ya ga wuta ko bayanta.