Sunayen Tituna a Matsayin Madogarar Tarihi: Nazari kan Unguwar Gamla Stan ta Birnin Stockholm

1.0 Gabatarwa

Gamla Stan, wato "tsohon gari" a harshen mutanen Suwidin, ita ce cibiyar da birnin Stockholm ya tsiro daga cikinta. Mafi yawan unguwar tana kan tsibirin Stadsholmen, a daidai mashigar da ruwan tafkin Mälaren yake kwarara zuwa tekun Baltik. Rubutu mafi daɗewa da ya ambaci sunan birnin shi ne wasiƙun Birger Jarl na shekarar 1252. Masu yawon buɗe ido sukan nufi fadar sarki da babbar majami'ar Storkyrkan da dandalin Stortorget, inda Sarki Kristian na Biyu na Danmak ya sa aka kashe mutane fiye da 80 a watan Nuwamba na 1520. Sai dai yawancin fuskokin gine-ginen da baƙo yake ɗauka a hoto na ƙarni na 17 da na 18 ne. Ita kanta fadar an gina ta ne bayan gobarar 1697 ta cinye tsohuwar, kuma sai a 1754 iyalan sarki suka tare. Wannan maƙala tana ganin cewa garin asali ya fi wanzuwa a sunayen tituna fiye da a jikin bango, kuma ziyarar da ba ta kula da sunayen ba ta bar mafi tsufan shaida a baya.

2.0 Ganuwar da Ta Ɓace

Babu ganuwa a tsaye a Gamla Stan a yau, amma ana iya bin sawunta da ƙafa. Tituna biyu, Västerlånggatan da Österlånggatan, wato dogon titin yamma da dogon titin gabas, sun kewaye tudun tsibirin, sun haɗu a kudu. Asalinsu hanyoyi ne da suka bi bayan ganuwar farko ta bakin ruwa. Ta ciki kuwa akwai Prästgatan, titin limaman coci, wanda ya bi gindin ganuwar ta yamma. Tazarar da ke tsakaninsa da Västerlånggatan ita ce gurbin katangar. Ƙasar da ke gangare da dogayen titunan ta samu ne daga baya, ta hanyar cike gaɓa da shara da ɓaraguzai, da kuma ɗagowar da ƙasar yankin take yi a hankali tun bayan narkewar ƙanƙarar da ta danne ta. Saboda haka lungunan da suka gangara zuwa ruwa sun yi ta ƙara tsawo ne gwargwadon ja da bayan gaɓar.

Abin takaici shi ne Västerlånggatan, inda baƙi suka fi cunkoso, ya cika da shagunan tsaraba, alhali Prästgatan da ke taku kaɗan daga nan kusan kullum shiru yake.

3.0 Sana'a da Baƙunta

Köpmangatan, titin fatake, ya bayyana a rubuce tun 1323, kuma shi ya haɗa Stortorget da kasuwar bakin ruwa ta gabas. Skomakargatan na masu ɗinkin takalma ne. Dandalin Järntorget ya fi su ba da labari, domin sunansa ya sauya tare da haja. Da can Korntorget ake kiran sa, dandalin hatsi, amma kafin ƙarshen ƙarni na 15 ya koma dandalin ƙarfe, saboda a nan ake auna ƙarfen da aka kawo daga ma'adinan Bergslagen kafin a loda shi a jiragen ruwa.

Masu sayen ƙarfen galibi Jamusawa ne na ƙungiyar fataken Hansa, kuma ƙarfinsu ya kai har doka ta ba su rabin kujerun majalisar gari, tsarin da aka soke a 1471. Sunansu ya zauna a majami'ar Tyska kyrkan da hawan Tyska Brinken. Lungun Mårten Trotzigs gränd, wanda faɗinsa bai wuce santimita 90 ba a inda ya fi matsewa, baƙi suna tururuwa gare shi don ƙuncinsa kawai. Sunan kuwa na wani attajiri ne haifaffen Wittenberg da ya yi fataucin ƙarfe da tagulla, ya rasu a 1617. Mai nazarin Hausa ba zai rasa tuna unguwannin Kano irin su Dukawa da Tudun Nufawa da Zangon Barebari ba, inda sana'a ko asalin baƙi ya zama sunan wuri.

4.0 Inda Suna Yake Yaudara

Madogarar tana da tarko. Svartmangatan a zahiri yana nufin "titin baƙin mutum", kuma baƙon Afirka zai iya zaton an yi nufin launin fata. Ba haka ba ne. Sunan ya samo asali daga 'yan zuhudun ɗarikar Dominikan masu sanya baƙar alkyabba, waɗanda gidan ibadarsu yake ƙarshen titin kafin a rushe shi a ƙarni na 16, zamanin Sarki Gustav Vasa. Irin wannan ruɗani yana samun wanda ya ji Dandalin Turawa a Kano ya ɗauka na mutanen Turai ne, alhali Larabawan Arewacin Afirka ake nufi a lokacin da aka raɗa sunan. A duka biyun, kalma ta tsaya cik, ma'anarta ta yi gaba.

Rubutu ma bai tsira ba. A kusurwar Prästgatan da Kåkbrinken akwai dutse mai tsohon rubutun mutanen Arewacin Turai, liƙe a jikin bango. Ya girmi birnin da kansa, har wasu baƙi sukan ɗauke shi shaidar cewa an zauna a wurin tun zamaninsa. Magina ne suka kawo shi daga wani wuri, suka sa shi a gini kamar kowane dutse.