Arthur Galston Da Maganin Kaɗe Ganye

Ya ku 'yan'uwana masu koyon aikin malanta, akwai wata tambaya da yara su kan yi cikin darasin sanin halitta, watau me ya sa kuka da rimi su ke kaɗe ganyensu da rani? Amsar da mu ka saba bayarwa ita ce ƙarancin ruwa. Gaskiya ne, amma rabin amsa ke nan. Ina so in ba ku sauran ta wurin labarin wani masani na ƙasar Amurka, sunansa Arthur Galston, wanda ya yi shekaru da yawa yana binciken abin da magani da wahala su ke yi wa tsiro.

An haife shi a birnin New York cikin 1920, ya kuma gama karatunsa mai zurfi a Jami'ar Ilinoi cikin 1943. Aikin da ya ɗauka a kan waken suya ne, irin wanda Tibi su ke nomawa a Binuwai. A arewacin Amurka sanyi ya kan sauko da wuri, ya kashe waken tun bai nuna ba. Saboda haka Galston ya nemi maganin da zai sa waken ya yi fure da sauri. Ya gwada wani da a ke kira TIBA, ya ga in an zuba kaɗan, furen ya kan zo da wuri. Amma in an zarce, sai ganye ya zube. Ya rubuta wannan ma cikin takardarsa, gama mai bincike ba ya ɓoye abin da ya gani.

A nan ne amsar yaran nan ta ke, don haka ku lura da kyau. Cikin kowane tsiro akwai wani sinadari ɗan kaɗan, sunansa oksin. Toho da ganye ɗanye su ke yinsa, yana gangarowa ta wuyan ganye zuwa cikin reshe. Muddin yana gangarowa, ganyen yana manne. Sa'ad da ganye ya tsufa, ko fari ya matsa, gangarowar ta kan ragu, sa'an nan gindin wuyan ya yi rauni a wuri ɗaya, har iska kaɗan ta isa ta tsinke shi. Ashe itacen da kansa ya ke sallamar ganyen, don ya tsimi ruwan da ya rage masa. Shi kuwa TIBA tare hanyar oksin ya ke yi, kamar yadda mai lambu ke datse ruwa da ƙasa. Ganye yana nan kore shar, amma reshe ya ɗauka ya tsufa.

Bayan ya yi aikin sojan ruwa a Yaƙin Duniya na Biyu, ya zauna Kalifoniya, kana ya koma Jami'ar Yale cikin 1955. Wajen 1950 ya ce yana ganin bitamin B2 yana da hannu cikin yadda tsiro ke karkata wajen haske. Masana da yawa ba su yarda ba. Sai bayan shekara arba'in da wani abu a ka gano abin da ke karɓar hasken cikin tsiro, a ka tarar lalle yana ɗauke da dangin bitamin ɗin nan. Kowane malami yana iya nuna wa ajinsa wannan karkata. A shuka wake cikin gwangwani, a ajiye bakin taga, bayan kwana kaɗan a juya gwangwanin, yara su riƙa dubawa kowace safiya.

To, masu binciken soja a wani sansani mai suna Fort Detrick su ma suna karanta takardun masana. Abin da Galston ya ɗauka ɓarna ce, watau zubar ganye, shi su ke nema. Daga 1962 zuwa 1971 jiragen saman Amurka su ka yayyafa wa Biyetnam ta Kudu kusan galan miliyan 20 na magungunan kashe tsiro, don abokan gaba su rasa mafaka cikin kurmi, su kuma rasa abinci. Mafi yawa shi ne wanda a ka sa wa suna Agent Orange, saboda zane mai ruwan lemo da ke jikin gangunansa.

Waɗansu su kan ce Galston ne ya ƙago wannan magani. A ganina ba a yi masa adalci ba. Babu TIBA a ciki. Gami ne na magani biyu, 2,4-D da 2,4,5-T, kuma aikinsu dabam ne: kwaikwayon oksin su ke yi, su cika tsiro da shi har ya murɗe, ya yi girman da ba shi da kan gado, ya mutu. Duk da haka shi bai fake da wannan hujja ba. Ya ga ilmin sana'arsa ne a ka ɗauka, ya ce ba zai yi shiru ba. Cikin 1966 shi da waɗansu masana su ka rubuta wa Shugaba Johnson takarda. Ya yi ta jan kunne a kan itatuwan bakin teku, irin masu tsiro cikin laka da mu ke da su a ƙasar Ijo da Kalaba, gama yayyafi ɗaya ya isa ya kashe su, kuma a gindinsu kifi da jatan lande su ke hayayyafa. Cikin 1970 ya ƙago wata kalmar Turanci wadda ma'anarta kisan ƙasa da abin da ke rayuwa a kanta.

Abu mafi muni kuwa ba a jikin itace ya ke ba. Wajen haɗa 2,4,5-T wani dafi mai suna dayoksin ya kan shiga ciki. Da a ka gwada maganin a kan ɓeraye masu ciki, su ka haifi 'ya'ya nakasassu. Galston da abokansa su ka matsa wa hukuma da wannan shaida, cikin Afrilu 1970 a ka dakatar da Agent Orange. Shekarar da ta biyo ya tafi Biyetnam da kansa.

Bai bar ɗakin bincike ba. Cikin 1982 shi da almajirinsa Hector Flores su ka nuna cewa in an tsotse wa ganyen hatsi ruwan jikinsa, wani sinadari mai suna futiresin ya kan ƙaru a ciki ninki da yawa cikin 'yan sa'o'i. Watau tsiro yana amsa ƙishi a cikinsa tun ido bai ga yaushi ba. Ya kuma daɗe yana koyar da samari a Yale a kan haƙƙin da ke wuyan mai ilmi. Ya rasu cikin 2008.

Saura magana ɗaya domin lambun makaranta. An daina 2,4,5-T, amma 2,4-D yana nan a kasuwanninmu, manoma suna kashe ciyawa da shi. In an bi ƙa'ida ba ya kashe masara da dawa da shinkafa, sai tsiro mai faɗin ganye. Wake da tumatir da kuɓewa da auduga duk masu faɗin ganye ne. Kada a yi feshi ran da a ke iska, kada a bar yara su yi, kuma tankin da ya taɓa ɗaukar 2,4-D kada a kai shi fangalin tumatir. In kun ga sabon ganyen tumatir ya nannaɗe, karan ya murɗe, ku fara tambaya ko maƙwabci ya yi feshi cikin makon nan.